Mata da masu neman jinsi ɗaya a tarihin sojan Amurka

Tambaya: Malam, na karanta cewa sai a 2015 rundunar sojan Amurka ta yarda mace ta yi kowane irin aikin yaƙi, kuma har zuwa 2011 ana sallamar soja idan aka gano ɗan luwaɗi ne ko 'yar maɗigo. Abin ya ɗaure mini kai, ganin yadda ƙasar ke yawan maganar daidaito. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya sa suka canza?

Amsa: Malama, shekarun da kika kawo duk daidai suke. Sai dai in kika riƙe su kaɗai za su ɓatar da ke, domin za ki ɗauka kafin 2015 babu macen da ta taɓa musayar wuta a ƙarƙashin tutar Amurka, ko kafin 2011 babu mai neman jinsi ɗaya a bariki. Alhali duk suna nan tun kafuwar rundunar. Abin da ya riƙa canzawa shi ne abin da hukuma ta yarda ta rubuta a takarda. A shekarun da na yi ina koyar da wannan tarihi, abu ɗaya nake ta cin karo da shi: duk sanda yaƙi ya yi zafi aka rasa hannu, sai a sassauta doka ko a kau da kai, da zarar ƙura ta lafa sai a tuna da ita. A ci moriyar ganga, a yar da kwaurenta.

Bari mu fara da mata.

A yaƙin neman 'yancin kai, wata mai suna Deborah Sampson ta sa kayan maza ta shiga soja a 1782 da sunan namiji, ta yi fiye da shekara guda kafin likita ya gano ta lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita. A yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 mata ɗaruruwa suka yi irin wannan shigar burtu. Amma hanyar da hukuma ta fara buɗewa a fili ita ce ta jinya: sashen ma'aikatan jinya na sojan ƙasa a 1901, na sojan ruwa a 1908. Su ma ɗin ba a ba su muƙamin soja na sosai ba.

Abin da ya faru a 1917 yana ba ni dariya har yau. Amurka na shirin shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, rundunar ruwa na neman akawu da masu buga keken rubutu ruwa a jallo, saboda ana kwashe maza ana zubawa a jirage. Sakataren rundunar, Josephus Daniels, ya duba dokar 1916 ya ga ta ce a ɗauki duk "mutumin" da zai iya aikin. Waɗanda suka rubuta ta ba su ma kawo mace a ransu ba, balle su hana ta. Ta wannan kafa aka ɗauki mata kusan 11,000, da albashi daidai da na maza. Yaƙi na ƙarewa aka sallame su, sannan a 1925 majalisa ta toshe kafar, ta rubuta "maza" ƙarara. Masu haɗa layin tarho su 223 da sojan ƙasa suka kai Faransa sun fi shan wulaƙanci. Sun sa kaki, sun yi rantsuwa, wasunsu sun yi aiki a inda ake jin ƙarar igwa, amma da suka dawo gida aka ce musu ai su farar hula ne 'yan kwantiragi. Sai a 1977 aka amince tsofaffin sojoji ne, lokacin 'yan kaɗan suka rage da rai.

A Yaƙin Duniya na Biyu abin ya girmama. Mata wajen 350,000 suka sa kaki, kimanin 150,000 daga cikinsu a rundunar mata ta sojan ƙasa da aka kafa a 1942 ƙarƙashin Oveta Culp Hobby. A nan ne za ki fara ganin yadda zancen mace a soja ba ya rabuwa da zancen mutuncinta. A 1943 jita-jita ta cika ƙasa, wai an ɗebo matan ne don su ɗebe wa hafsoshi kewa, wai ana raba musu kayan hana ɗaukar ciki, wai waɗanda ba karuwai ba 'yan maɗigo ne. Wani marubucin jarida a New York ya buga zancen, iyaye suka fara hana 'ya'yansu shiga. Da fari hukuma ta zaci farfagandar Jamus ce. Da aka bincika sai aka tarar ɓarawon na cikin gida ne: galibin zancen daga bakin sojoji maza ya fito, a wasiƙun da suke aikawa gida. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Taken ɗaukar matan shi ne kowace mace ta saki namiji guda ya tafi fagen daga. To, saurayin da ke zaune lafiya a ofis yana buga takardu, aka kawo wadda za ta karɓi kujerarsa a tura shi bakin wuta, me kike tsammanin zai faɗa a kanta? Sai ya shafa mata kashin kaji.

Akwai kuma mata matuƙa jirgi fiye da 1,000 da suka riƙa kai sababbin jiragen yaƙi daga masana'anta zuwa sansani, wasu suna jan abin auna harbi a sama ana ɗirka masa harsashin gaske. 38 suka mutu a bakin aiki. Da yake a takarda ba sojoji ba ne, rundunar ba ta ɗauki nauyin kai gawa gida ba, sai abokan aiki su yi karo-karo. A Disamban 1944 aka rushe su, don a lokacin matuƙa maza sun wadata.

A 1948 Shugaba Truman ya sa hannu a dokar da ta ba mata gurbin dindindin a soja, amma an ba su da hannun dama an riƙe da hagu. Kada su wuce kashi 2 cikin 100 na runduna, kada muƙaminsu na dindindin ya wuce laftanar kanar, ba jirgin yaƙi na sama, ba na ruwa. A 1951 aka ƙara da umarnin da ya ba da damar sallamar mace idan ta yi ciki, ko ma idan akwai ƙaramin yaro a gidanta, ko da ɗan miji ne. Namiji kuwa ya haifi goma, babu mai tambayarsa.

Wannan batu na ciki ya kamata a tsaya a kansa. A 1970 Kyaftin Susan Struck, ma'aikaciyar jinya a sojan sama, ta samu ciki tana aiki a Biyetnam. Aka ba ta zaɓi biyu: ta zubar, tunda a lokacin asibitocin soja na yin hakan, ko ta ajiye kaki. Ita kuwa 'yar ɗariƙar Katolika ce, zubar da ciki haramun ne a wurinta. Gaba kura, baya sayaki. Ta ce za ta haihu a cikin kwanakin hutunta, ta ba da abin da ta haifa riƙo, ta dawo aiki, kuma haka ta yi. Duk da haka aka ce sai ta tafi. Lauya Ruth Bader Ginsburg ta ɗauki ƙarar har Kotun Ƙoli ta yarda za ta saurara a 1972, sai rundunar ta yi maza ta janye sallamar don kada a yanke hukuncin da zai ɗaure ta. A tsakiyar shekarun 1970 aka daina korar dole saboda ciki.

In za ki riƙe shekara ɗaya a wannan tarihi, riƙe 1973. A shekarar ce Amurka ta daina ɗaukar soja na dole, bayan yaƙin Biyetnam ya sa jama'a sun ƙosa da shi. Daga nan dole runduna ta fita kasuwa ta nemi masu so, kuma samari masu takardar sakandare ba su zo da yawan da ake buƙata ba. 'Yan mata masu takarda kuwa suna nan. Nan da nan ƙofofi suka fara buɗewa. A 1976 manyan makarantun hafsoshi suka karɓi mata, 119 suka shiga West Point, 62 suka kammala a 1980. A 1978 aka rushe rundunar mata ta daban aka gauraya su da sauran. Ba na musun rawar da masu fafutukar haƙƙin mata da kotuna suka taka, sun taka sosai. Amma da an ci gaba da kamo samari kyauta, ina da yaƙinin da janar-janar sun yi kunnen uwar shegu da su na wasu shekaru masu yawa.

A yaƙin Tekun Fasha na 1991 mata kusan 40,000 aka tura, aka kama biyu a matsayin fursunonin yaƙi. A 1993 aka bar su su tuƙa jiragen yaƙi. A 1994 aka kafa dokar da ta rage: ba za a rubuta sunan mace a ƙaramar rundunar da aikinta shi ne gwabzawa gaba da gaba a ƙasa ba. Dokar ta ginu ne a kan tunanin cewa yaƙi yana da gaba yana da baya.

Iraƙi da Afganistan suka rushe wannan tunanin. Direban motar kaya da ke bin hanyar Bagadaza yana cikin haɗari daidai da mai bindigar da ke sintiri. Ranar 20 ga Maris 2005 'yan tawaye suka yi wa ayarin motoci kwanton ɓauna kusa da Salman Pak. Saje Leigh Ann Hester, 'yar shekara 23, 'yar sandan soja, ta sauko daga mota ita da shugaban tawagarta suka shiga ramin da maharan suka ɓuya, suna jefa gurneti suna harbi har suka share shi. Aka ba ta lambar jarumta ta Tauraron Azurfa, mace ta farko da ta samu tun Yaƙin Duniya na Biyu. A takarda dai ba ta aikin yaƙi.

Sannan ga wata buƙata da masu rubuta doka ba su hango ba. Sojan Amurka namiji ba zai laluba jikin matar Iraƙi ko ta Afganistan a shingen bincike ba, ko ya kutsa ɓangaren mata a gida, ba tare da ya tayar da gari ba. Sai kwamandoji suka riƙa aro makanikai da akawu mata su raka masu kai samame. Dabarar da suka yi wa doka ta kalma ce: ba a ce an rubuta ta a rundunar ba, an ce an jingina ta da ita na ɗan lokaci. Ta sha wuta iri ɗaya, ba ta samu horo iri ɗaya ba, kuma da ta koma gida neman magani da haƙƙinta, takardunta ba su nuna ta je bakin daga ba. Monica Brown, mai ba da agajin jinya 'yar shekara 18, ta kare raunanan sojoji da jikinta a lardin Paktiya na Afganistan a 2007 harsasai na zuba. Ita ma ta samu Tauraron Azurfa, amma 'yan kwanaki bayan harin aka janye ta daga sansanin, wai doka ta hana mace zama a wurin. Wannan shi ne wanka da kamar jirwaye.

Kafin Sakataren Tsaro Leon Panetta ya soke dokar a Janairun 2013, mata fiye da 280,000 sun yi aiki a yaƙoƙin biyu, fiye da 150 sun mutu. A Disamban 2015 Sakataren Tsaro na lokacin, Ash Carter, ya buɗe sauran ayyukan baki ɗaya. Kada ki ɗauka masu adawa ba su da hujja. Rundunar Marin, wato mayaƙan da ke sauka daga ruwa su yi yaƙi a tudu, ta yi gwaji na watanni, ta ce tawagar maza zalla ta fi gaurayayyiya a kashi 69 cikin 100 na ayyukan da aka gwada, kuma mata sun fi samun raunin ƙashi da gaɓoɓi wajen ɗaukar kaya masu nauyi. Ta nemi a keɓe ta, aka ƙi. Amsar da aka ba ta ita ce a auna mutum da ma'aunin aikin, wanda ya ci ya shiga. Har yau ana kai ruwa rana a kan ko ma'aunin ɗaya ne da gaske.

Yanzu ɗaya ɓangaren tambayarki. Tarihi kika tambaya, shi zan ba ki, hukuncin ɗabi'ar kuma fage ne na daban.

Tun a Maris 1778 aka kori wani laftanar, Frederick Enslin, daga sansanin George Washington da kiɗan ganga na tozarci. Amma sama da ƙarni guda abin da ake hukuntawa shi ne aikin da aka kama mutum yana yi. A Yaƙin Duniya na Biyu likitocin ƙwaƙwalwa suka shigo da sabon salo: a tantance mutum tun a ƙofa, a ɗauki abin a matsayin ciwo. Sai dai a cikin mutum kusan miliyan 18 da aka duba, 4,000 zuwa 5,000 kacal aka mayar saboda wannan dalili. Likitan da ke da layin ɗaruruwa a gabansa, ga runduna na ihun a kawo mutane, tambaya ɗaya yake yi ya buga hatimi. Waɗanda aka kama daga baya, kusan 9,000, an ba su abin da ake kira shuɗiyar takardar sallama. Ba ta girmamawa ba ce, ba kuma ta hukuncin kotun soja ba, amma ta hana su tallafin karatu da rancen gida da aka ba tsofaffin sojoji, kuma duk mai ɗaukar aiki ya san ma'anar launin.

Ki lura da yadda hujjar hukuma ta riƙa sauya riga. Da fari laifi ne. Sannan ciwo. A zamanin yaƙin cacar baka aka ce haɗarin tsaro ne, wai abokan gaba za su yi wa mutum barazanar tona asiri ya sayar da sirrin ƙasa. Rundunar ruwa ta kafa kwamiti a 1957 ya duba, rahoton Crittenden ya ce bai ga shaidar hakan ba, sai aka kulle rahoton a durowa har 1976. A farkon shekarun 1980 ma'aikatar tsaro ta rubuta a fili cewa ɗabi'ar ba ta jituwa da aikin soja, aka sallami kusan mutum 17,000 tsakanin 1980 da 1990.

Labarin Perry Watkins ya fi kowane adadi bayyana abin da nake nufi. Baƙar fata ne, aka kira shi aikin dole a 1968, yaƙin Biyetnam na ci. A takardar gwajin lafiya akwai tambaya a kan wannan ɗabi'a, ya amsa da e. Aka ɗauke shi. Bai taɓa ɓoyewa ba, kuma sau uku ana sabunta masa kwantiragi, shugabanninsa na yaba aikinsa. Sai bayan shekara goma sha biyar, babu yaƙi, aka tuna da amsar da ya bayar tun ranar farko, aka sallame shi a 1984. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 1989 runduna ba za ta ci gumin mutum tana sane da halinsa ba, sannan ta kore shi da abin da ta sani tun farko. Ya samu albashinsa na baya da fanshonsa.

Bill Clinton ya yi alƙawarin ɗage haramcin a yaƙin neman zaɓen 1992. Da ya hau sai ya ci karo da babban hafsan sojojin ƙasar na lokacin, Janar Colin Powell, da Sanata Sam Nunn. Hujja ta huɗu ke nan: haɗin kan 'yan tawaga. Sojoji na kwana ɗaki ɗaya, suna wanka wuri ɗaya, in babu yarda a tsakaninsu tawaga ta lalace. Masu son a ɗage suka ce ai irin wannan aka faɗa a 1948 lokacin da za a gauraya baƙaƙe da farare. Powell, wanda shi kansa baƙar fata ne, ya ƙi wannan kwatance, ya ce launin fata daban, ɗabi'a daban. Aka tsaya a tsakiya da dokar 1993 da ake kira "kada a tambaya, kada a faɗa": runduna ba za ta tambaye ka ba, kai kuma in ka furta ko aka gan ka, ka tafi. Wato ƙarya ta zama sharaɗin aiki a hukumar da ke koya wa kurtu cewa ƙarya abin kunya ce.

Fiye da mutum 13,000 aka sallama a ƙarƙashinta. Amma duba yadda adadin ya tafi. A 2001 sun haura 1,200. Aka shiga Afganistan da Iraƙi, a 2003 suka sauko ƙasa da 800, a 2009 ƙasa da 500. In da gaske zamansu na wargaza tawaga, lokacin yaƙi ne ya kamata a fi tsanantawa. Kwamandan da ke neman cika motarsa da mutane ya san abin da ya fi masa. Duk da haka an kori gwanayen Larabci da dama a daidai lokacin da ake kukan ƙarancin tafinta, abin da ya kunyata ma'aikatar ƙwarai.

A nan ne zaren biyu suka haɗu, kuma shi ne wurin da ɗalibaina suka fi mamaki. Mata ba su wuce kusan kashi 15 cikin 100 na runduna ba, amma a wasu shekaru sun kai kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka sallama. Wani ɓangare na dalilin shi ne dokar ta zama makami a hannun mai neman lalata. Ya neme ta ta ƙi, sai ya raɗa wa na sama cewa ai 'yar maɗigo ce, bincike ya koma kanta. In ta kai ƙarar cin zarafi ma, tana tsoron kada reshe ya juye da mujiya. Kashin kajin 1943 ne ya dawo, wannan karon da doka a bayansa. Cin zarafin kansa kuwa tsohon ciwo ne: a taron matuƙan jiragen rundunar ruwa na Tailhook a Las Vegas a 1991, bincike ya nuna an ci zarafin mata 83 da maza 7. Sai bayan kisan Vanessa Guillén a sansanin Fort Hood a 2020 majalisa ta ƙwace ikon yanke shawarar gurfanarwa a irin waɗannan laifuka daga hannun kwamandoji, ta ba lauyoyin soja da ba sa ƙarƙashin kwamandojin.

A 2010 ma'aikatar tsaro ta tambayi sojoji da kansu, kusan kashi 70 cikin 100 suka ce soke dokar ba zai kawo illa ba ko kuma tasirinsa gauraye ne, ko da yake adawar ta fi ƙarfi a tsakanin mayaƙan Marin. Shugaba Obama ya sa hannu ranar 22 ga Disamba 2010, sokewar ta fara aiki ranar 20 ga Satumba 2011. Batun masu sauya jinsi kuwa ya zama ƙwallon siyasa: an buɗe a 2016, Trump ya taƙaita a wa'adinsa na farko, Biden ya sake buɗewa a 2021, Trump ya sake rufewa a 2025, Kotun Ƙoli ta bari a aiwatar a watan Mayu na shekarar. Su ba su da yawan da rashinsu zai girgiza runduna, shi ya sa kowane shugaba ke juya su da alƙalami.

Saura abu ɗaya da tsugune ba ta ƙare a kansa ba. Ko da yake an daina ɗaukar dole, har yau doka ta wajabta wa samari 'yan 18 zuwa 25 su yi rajista saboda ko-ta-kwana, mata kuwa ba a neman sunansu. A 1981 Kotun Ƙoli ta ce hakan daidai ne, tunda rajistar ta neman mayaƙa ce, mata kuma an hana su yaƙi. Wannan tushe ya rushe a 2015. Wani kwamitin da majalisa ta kafa ya ba da shawara a 2020 cewa mata ma su yi rajista, a 2021 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron sabuwar ƙara, ta bar wa majalisa. Majalisa ta sha sa batun a daftarin kasafin tsaro, ana zuwa matakin ƙarshe sai a cire shi.